Ciyawar daji ta asali: wacce ke gina dabba, wacce ce cika ciki kawai?

Sabon_Makiyayi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana kiwo ku taimaka min da shawara. Akwai wani fili da ya shigo hannuna, an daɗe rabon da a nome shi, ciyawar daji ce kawai ke fitowa da kanta, ga gamba jefi-jefi ta gefen kwari, ga kyasuwa da harkiya da burburwa, karangiya ta wajen jigawa, wani ɓangaren kuma tofa ta cinye shi gaba ɗaya. Niyyata in zuba 'yan shanu da tumaki. To wasu na ce min in sa tarakta ta kife komai in shuka ciyawar zamani irin su nefiya da barakiyariya, wai ta daji ba ta da wani amfani cika ciki ce kawai, wasu kuma sun ce kar in kuskura in taɓa ta. Ni dai kaina ya ɗaure. A cikin ciyayin nan wacce ce dabba ke ƙaruwa da ita da gaske? Sannan akwai zabbin daji da fakara da ke kwana a wurin, wani lokacin har gada ana gani, kuma wlh bana so in kore su, shin in na fara kiwo shikenan sun tafi?

Baba_Mai_Sanda ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka bari tarakta ta shiga filin nan tukuna, ka bari damina guda ta wuce kana zagaya shi da ƙafa kana kallo.

Ciyawar daji iri biyu ce. Akwai 'yar damina, wadda ke tsirowa daga iri duk shekara, ruwa na ɗaukewa ta zubar da 'ya'ya ta mutu, su kyasuwa, harkiya, burburwa, karangiya, gude-gude duk nan suke. Akwai kuma mai gindi, wadda saiwarta na nan da rai a ƙasa ko da samanta ya bushe ƙamas, su gamba, jema, tsaure, tofa, kiri-kiri. To gambar nan da kake cewa jefi-jefi, ita ce dukiyar filin naka, in ka kife ta ka yi asarar abin da ba a shekara ɗaya ya kafu ba. Ita ce ta farkon yin toho in bazara ta yi, tun ruwa bai zauna ba, lokacin da shanu suka fi galabaita kenan, kuma ita ce ta ƙarshen bushewa saboda saiwarta na zurfi. Aibinta ɗaya, in ka ƙyale ta ta yi kara ta wuce kan mutum to saniya ganyen kawai za ta tsinka ta bar maka sanduna. Gamba daga gwiwa zuwa ƙugu ake cin moriyarta.

Kyasuwa kuwa taushi gare ta, shanu na sonta sosai kafin ta fidda kai, kuma ita ce ta fi daɗin yanka a shanya a ajiye ingirici, amma fa a yanke ta kafin kai ya buɗe, in ta tsufa ta zama kara marar daɗi. Harkiya duk dabba na sonta, doki da tunkiya musamman, sai dai ba ta da auki kuma in ta bushe sai ta murmushe iska ta kwashe. Karangiya kar ka raina ta don tana maƙale maka a wando, kafin ta yi ƙaya abinci ce mai kyau ƙwarai, in ƙayar ta zube da rani ma suna komawa su ci busasshiyar. Burburwa ba ƙarfi, amma tana tsayawa a bushe ta rufa asiri. Tsaure warinsa ke hana su, sai dai tohonsa. Tofa kam gefen ganyenta kaifi ne da shi, in ta girma ba mai kula ta sai yunwa ta kai yunwa. In kuma ka ga gadagi yana yaɗo a tsakanin ciyawa to ka gode Allah, shi ba ciyawa ba ne sosai dangin wake ne, yana sa dabba ƙiba.

Abin da nake so ka lura da shi, saniya ba ta kiwo da ka, zaɓe take yi. Mai daɗin take fara ci, ya yi toho ta dawo ta sake ci, ya sake ta sake, har gindin ya gaji ya mutu, shi kuma wanda ba ta so ba mai taɓa shi sai ya yi 'ya'ya ya cika wurin. Shi ya sa in ka je filin da aka daɗe ana dannawa za ka tarar da tafasa da garmani da rai-ɗore kore shar gwanin sha'awa amma shanu na tsaye a ciki da yunwa. Yadda ka ce gamba ta rage sai a kwari, tofa kuma ta ci gefe guda, ina zaton filin nan ya sha kiwo da wuta a baya ko da ba a noma shi ba.

Malama_Dabbobi ta rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗan sa lissafi a kai don malam mai tambaya ya ga dalilin da ya sa ake cewa cika ciki.

Masu cewa ciyawar daji cika ciki ce suna da gaskiya na wata shida, ba su da gaskiya na sauran watannin. Ciyawa ɗaya ce fa, amma a farkon damina tana ɗanya sinadarin furotin ɗinta kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na busasshen nauyinta, in ta yi kai ya sauka, da rani ya yi nisa kuwa sai ka same shi wajen kashi 2 zuwa 3. Matsalar ita ce ba saniya ce ke narkar da ciyawa da kanta ba, wasu ƙananan halittu ne a cikin tumbinta ke wannan aikin, su kuma in furotin ya yi ƙasa da wajen kashi 7 sai aikinsu ya yi sanyi, ciyawar ta daɗe a tumbi ba ta wuce ba, saniyar ta ji cikinta a cike ta rage ci, kana ganin ciyawa har gwiwa amma haƙarƙari na fitowa. Kaga ba sunan ciyawar ne matsala ba, shekarunta ne, ko in ce watanninta. Nefiyar ma da ake yabo in ka bar ta ta tsufa haka take zama itace. Maganin wannan kuwa ɗan ƙari ne na abu mai furotin, harawa, ƙulin auduga, ganyen bishiyoyi da 'ya'yansu, ko dutsen lasa mai yuriya a ciki, da sun samu kaɗan sai ka ga sun buɗe baki suna cin busasshiyar ciyawar da da suke shinshinawa su wuce. Yuriya dai a bi ta a hankali, in dabba ta sha da yawa lokaci guda kisa take. Haka in ka ga saniya na tauna ƙashi ko tana lasar ƙasa, yawanci sinadarin fosfaras ne ya yi mata ƙaranci, kuma tauna ƙashin mushe na iya jawo mata gubar da ke shanye jiki.

Wani abin mamaki da binciken da aka yi a yankin Sahel na ƙasar Mali ya nuna wajen shekarun 1970 zuwa 1980, ciyawar wurin da ruwa bai da yawa ta fi ta wurin da ruwa ya wadata furotin, duk da ta fi ta ƙaranci. Inda ruwa ya yi yawa ciyawa na yin tsawo amma sinadarin ƙasa ɗin bai ƙaru ba, sai ya rarrabu a jiki mai yawa. Don haka tsawon ciyawa ba shi ne kyanta ba.

Abin da Baba ya faɗa na zaɓe shi ma yana rubuce. Wani masanin makiyaya a Amurka mai suna Dyksterhuis tun 1949 ya kasa tsirran makiyaya gida uku, masu raguwa in kiwo ya yi yawa, masu ƙaruwa, da baƙi masu kutsowa in fili ya mutu, kuma da yawan kowane kashi ake gane lafiyar fili. Wani kuma Franklin Crider a 1955 ya gwada aske ganyen ciyawa mataki-mataki yana duba saiwa, ya ga in abin da aka cire bai kai rabi ba saiwar na ci gaba da girmanta, in an wuce rabi sai ta fara tsayawa, in kuwa an aske kusan duka sai ta tsaya cak fiye da sati biyu. Nan aka samo dokar a ci rabi a bar rabi.

Yanzu shanu nawa filin zai ɗauka? Saniya mai kilo 250 na cin wajen kilo 6 da kwata na busasshen abinci a rana, a shekara ya haura tan 2. Ka samu sanduna ka yi murabba'i mita 1 ta kowane gefe, ƙarshen damina ka jefa shi wurare daban-daban a filin, mai kyau da marar kyau, ka yanke abin da ke ciki ka shanya ya bushe sosai ka auna. Giram nawa ka samu a matsakaici, ka ninka sau 10, shi ne kilo a hekta guda. A ce ka samu giram 200, tan 2 kenan a hekta, amma ba duka dabba za ta ci ba, ga tattakewa ga gara ga iska ga wanda dole ka bari, in ta samu kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi an yi sa'a, kaga saniya ɗaya na neman hekta 2 zuwa 3 da ɗoriya in a nan za ta shekara. Tofa da tafasa kar ka sa su a ma'auni, yaudarar kanka za ka yi.

Mai_Madara ya rubuta:

Ni fa ban yarda da wannan lallaɓawar ba gaskiya. Hekta 3 don saniya ɗaya?? To ai malama da bakinki kin kashe maganar. Ɗan'uwa in kasuwanci za ka yi, musamman madara, ciyawar daji ba za ta kai ka ko'ina ba, nefiya a hekta guda in ta samu taki da ruwa sai ta ba ka ninkin ba ninkin abin da dajin nan zai bayar kuma kana yanka tana fitowa. Ana ta cewa asali asali, duniya ta wuce nan.

Malama_Dabbobi ta rubuta:

Alhaji Mai_Madara ai ka faɗi sharaɗin da kanka, in ta samu taki da ruwa. A kan auki ba musu, nefiya ta fi, kuma saniyar madara mai bada lita da yawa ba za ta rayu da burburwa ba, wannan na ba ka. Amma ka hana ta takin ka hana ta ruwan rani ka sake mata shanu su yi ta ci a tsaye, ka ga shekara nawa za ta yi. Ciyawar yanka ce a kai wa dabba, ta ɗan yanki kusa da ruwa inda kashin shanu zai riƙa komawa. Wanda ya kife fili duka ya shuka iri ɗaya, ranar da fari ko ƙwaro ya same ta ba shi da ta zamanin ba shi da ta dajin.

Kuma zamanin ma a ina ta samo asali? Nefiya ciyawar dajin Afirka ce, barakiyariya ma daga Afirka aka kai ta Barazil aka tace iri ya dawo da sabon suna. Gambar nan da kake gani, Andropogon gayanus a littafi, Barazil da Kolombiya sun fitar da ita a matsayin ingantaccen iri a 1980 saboda tana jure ƙasa marar ƙarfi da dogon rani. Ostireliya ma an kai ta don kiwo, amma can da ta fita daga gonaki ta shiga daji inda ba garken da zai riƙa danne ta, sai ta yi tsawon mita 3 zuwa 4 ta bazu a sassan arewacin ƙasar tana haddasa gobara mai zafin da ke kashe manyan bishiyoyi, har a 2012 suka sa ta a jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Ciyawa ɗaya, a gidanta arziki a gidan wani bala'i, shi ya sa nake tsoron a riƙa watsa baƙon iri a fili ba tunani. Tunda ma mai tambaya ya ce zai zuba tumaki, akwai wani nau'in barakiyariya, decumbens, da ke lalata hantar tumaki fatarsu ta riƙa kumbura tana saɓulewa in sun shiga rana, a tambaya da kyau wane iri ne kafin a saya.

Ɗan_Gandun_Daji ya rubuta:

Sallama. Ni ɓangaren namun dajin zan taɓa tunda naga an bar shi a baya.

Yaya Sabon_Makiyayi kiwo shi kaɗai ba ya korar su, askewa ƙwal ce ke korar su. Kowace dabba da tsawon ciyawar da take so. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, don haka tana son mai ɗan tsawo. Tunkiya bakinta siriri ne tana bi har ƙasa, ita ce ma ta fi saniya illa ga gindin ciyawa in an bar ta wuri ɗaya. Akuya rabin hankalinta na kan ganyen itace. A daji ma haka ne, ɓauna na cin doguwa mai kauri, gwanki na son doguwar ciyawa da ba a tattake ba kuma yana cikin na farkon ɓacewa in kiwo ya yi yawa, mariya na son gajeriya ɗanya ta fadama, dorina da dare take fitowa ta aske gajeriya da leɓɓanta, mugun dawa har durƙusawa yake ya ci gajeriya da rani kuma ya tono saiwa. Gadar da ka gani ita kam ba ruwanta da ciyawarka sosai, ganye da 'ya'yan itace take ci, abin da take nema a wurinka mafaka ce, in ka sassare ƙananan itatuwan da sunan gyara fili to ita ka kora.

A Serengeti ta ƙasar Tanzaniya tun shekarun 1960 masana suka lura cewa jakin dawa ne ke fara shiga doguwar ciyawa ya ci kara da sama-sama, don shi ba ya tuƙa, cikinsa na wuce da abinci da sauri sai ya rama da yawan ci, bayansa sai garken wildibis, wata dabba mai ƙirar ɗan sa da gemu da suka haura miliyan a can, su ci ganyen da ya bayyana, ƙarshe ƙananan barewa su tsinci sabon toho. An kuma yi gwaji a Laikipia ta ƙasar Kenya, sakamakon ya fito a 2011, aka ga da rani namun daji na rage wa shanu ƙiba don ana rububin abinci ɗaya, amma da damina shanun da ke kiwo tare da su sun fi ƙaruwa, saboda jakunan dawa na kwashe tsohon kara mai hana saniya kai wa ga ganye.

Zabbi da fakara kuwa a ƙasa suke ƙwai cikin duhuwar ciyawa, manyan na cin 'ya'yan ciyayin nan 'yan damina da ake rainawa, 'yan tsakin kuma ƙwari suke ci, fara da tsutsa da gara, kuma ƙwari sun fi yawa inda tsirrai suka cakuɗa. Gonar nefiya zalla ba abin da za ta ba su. Ka raba filin gida huɗu ko biyar, kana kiwo a ɗaya sauran na hutawa, duk shekara ka bar guda ɗaya kar a shiga tun farkon damina har ciyawa ta zubar da iri, shekara mai zuwa ka sauya wani. Da wannan ɗin tsuntsaye sun samu wurin ƙyanƙyasa, gamba ta samu ta yi 'ya'ya, kai kuma ka samu ajiyar rani. In za ka ja waya kar ta ƙasan ta zama mai ƙaya, ka ɗan ɗaga ta yadda ƙaramar dabba za ta ratsa.

Amurka sun ga abin da kifewa ke yi. Filayen tsakiyar ƙasar da doguwar ciyawa ce ta asali, babbarsu ma 'yar uwar gamba ce jinsi ɗaya, miliyoyin ɓaunar can na kiwo a kai, aka bi da garma aka kife, yau abin da ya rage na doguwar bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ta yamma inda gajeriyar take kuma ruwa bai da yawa, da aka nome ta fari ya zo a shekarun 1930 iska ta riƙa ɗaga ƙasar gona tana rufe garuruwa da ƙura.

Sabon_Makiyayi ya rubuta:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Baba da Malama da kowa, har Alhaji Mai_Madara don nima ina tunanin ɗan yankin nefiya kusa da rijiya. Saura tofar nan. An ce in banka mata wuta da rani za ta yi toho shanu su ci, kuma a hankali ta mutu, haka ne?

Baba_Mai_Sanda ya rubuta:

Rabin farko haka ne, rabin ƙarshe ba haka ba ne ɗana. Za ta yi toho su ci na 'yan makonni, amma tofa wuta ƙara mata ƙarfi take, jijiyarta na can ƙarƙashi tana yaɗo wuta ba ta kai mata, abokan gasarta ne ke ƙonewa ita ta dawo ta samu fili. Kuma wutar tsakiyar rani ba a tofa za ta tsaya ba, in ta tsallaka cikin kyasuwa da burburwa shikenan, su ba toho za su yi ba tunda sun riga sun mutu, abincin wata uku ya tashi a hayaƙi ƙasa ta zauna tsirara, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. In dole sai an ƙona tsohon karan gamba to da wuri, ƙasa na da sauran laima, da sassafe ko yamma lis ba iska, an share hanya kewaye, kuma ba duk shekara ba. Bayan wutar kar ka sake shanu a kan tohon yana ɗan yatsa, ka bari ya kai taƙi biyu.

Taraktar da ake ta zuga ka, to ga inda za ta yi aiki, ɓangaren tofar kaɗai. A kafce da rani jijiyar ta fito rana ta kashe ta, a sake maimaitawa, don in sau ɗaya ne ka daddatsa ta ne kawai kowane guntu ya tsiro. Tofa ba ta son inuwa, ruwa na sauka ka shuka abu mai yaɗo da zai lulluɓe ta irin waken mukuna ko lablab, wanda dama abincin dabba ne. Shekara ta biyu ka farfasa gindin gamba daga kwarin nan ka daddasa a layi lokacin da ruwa ya zauna, ya fi watsa iri kamawa don irinta da yawa ba ya tsirowa, kuma tumaki kar su ga wurin sai damina ta biyu ta wuce.